Muftahu, Wanda Ya Auna Mana Faɗin Makara

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu tattara mu koma, kowa da ranarsa. A ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina kuma abokin sana'ata, Malam Muftahu Abdul-Rahim, mai zanen gine-gine, bayan ya sha fama da ciwon ƙoda. Ya cika a ɗakinsa da ke ƙuryar Lungun Famfo a Maamobi. Mun yi masa sallah bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa ana yayyafi. Bai kai shekara hamsin ba. Ya bar matarsa Sherifa da 'ya'ya biyu, ni kuma ya bar ni da tebura biyu a ɗan ofishinmu na Kokomlemle, har yau ban san abin da zan yi da na biyun ba.

Muftahu, ni ne Sharfuddeen. Dattawan unguwa sun ce in rubuta wani abu a kanka, a karanta ranar addu'ar arba'in. Na ce musu sun zaɓi wanda bai dace ba, domin ni da kai gardamarmu ta fi gaisuwarmu yawa, kuma kowa ya san bakina ba shi da linzami. Suka ce ai shi ya sa. To, sallarka da azuminka da yadda ka riƙe zumunci, akwai waɗanda suka fi ni sani, su za su faɗa. Ni aikinka na sani. A cikin aikin nan kuwa abu guda ka sa a gaba har ya cinye maka sauran ƙarfinka: kada a sake fitar da gawar kowa daga Lungun Famfo ta kan katanga.

Wanda bai san Maamobi ba zai ɗauka magana ce kawai. Lungun Famfo ya taso daga bakin titi, ya yi kwana a gaban gidan su Alhaji Abass, sannan ya nausa ciki tsakanin gidaje har ya ƙare a ƙofar gidanku da ta Mma Zelia, tsohuwar da ta yi shekaru tana dama wa unguwa koko. A da, in ji manya, har amalanke yana shiga. Amma gidajenmu gidajen gado ne. Ɗa ya yi aure a ƙara masa ɗaki, 'ya ta dawo a tsaga mata rumfa, wannan ya fito da banɗaki, wancan ya kafa dakali, kowa ya ɗan ci taƙi ɗaya yana cewa ai ba komai ba ne. Sai da aka wayi gari mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkata. Masu rai sun saba da karkatar, amma mamaci a makara ba ya iyawa.

Ranar da mahaifiyarka ta rasu ina nan. Lokacin muna matasa, da fensir da rula muke zane, kwamfuta ba ta iso mana ba tukuna. An shigar da makara a karkace babu kowa a ciki, amma ta ƙi fitowa da gawa. Maza suka tsaya cirko-cirko. Daga ƙarshe aka ciro tsohuwar a likkafaninta, aka naɗe ta a tabarma, aka miƙa ta ta kan katangar maƙwabta, hannu zuwa hannu, ta bi ta tsakar gidan da aka yi shanya, mata suna janye kwanuka suna kau da kai. Ba ka yi kuka ba a ranar, ba ka kuma taɓa tayar min da zancen ba. Amma tun daga nan ban sake ganin ka wuce sabon bulo a lungu ba tare da ka tsaya ka ƙare masa kallo ba.

Mma Zelia ce ta faɗi abin da kowa ke ɓoyewa a ciki. Ita da mahaifiyarka ƙawaye ne, kuma da idonta ta ga tabarmar nan tana ƙetare katanga. Shekaru bayan haka, muna zaune a bencinta muna shan koko, ta dafa kafaɗarka ta ce, "Muftahu, yarona, kai ne mai zana gida. Ni ba ni son komi a duniya kuma. Amma ranan da na mutu, in fita a makara kaman mutum, ka ji ko? Kar ku wuce da ni kan bango kaman buhun gawayi. Ina jin tsoron abin nan paa, sosai." Ni na mayar da abin wasa, na ce Mma ki bari mu haɗiye kokon nan lafiya. Kai ba ka yi dariya ba. Ka ajiye kofi ka ce mata, "In Allah Ya yarda, Mma, ta ƙofa za ki fita."

Abin da ka yi bayan nan, har gobe ana ba da labarinsa a unguwa. Ka je wurin liman ka ari makarar masallaci. Ka ce tef ɗin awo ba zai gaya maka gaskiya ba, domin makara ba faɗinta kaɗai ba ne. Akwai kafaɗun masu ɗauka, akwai kuma tsawonta da sai ya juya a kwana. Ka jawo ni da wasu maza, ka sa muka loda mata buhunan yashi don ta yi nauyin mutum, muka shiga lungu da rana tsaka. Ai kuwa unguwa ta kiɗime. Mata suka ɗau salati, wata ta saki bokitin ruwanta, masu tebur suna tambayar wa ya rasu, wani tsoho ya biyo mu da sanda yana cewa muna kira wa mutane mutuwa. Ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kai ko a jikinka. Duk inda kafaɗa ta gogi bango sai ka ce a tsaya, ka shafa alli, ka auna. A kwanar gidan su Alhaji Abass muka fi daɗewa, domin a nan ne makara ke neman fili ta juya, kuma filin da take juyawa a kai wani ɗan fegi ne a gaban gidansu, nasu ne halak malak.

Aka yi taro a masallaci, aka cim ma matsaya. Abin da aka riga aka gina ba za a rushe shi ba, amma duk wanda ya tashi sabunta gini zai ja baya zuwa layin da ka auna. Wan Alhaji Abass, wanda ke riƙe da gidan a lokacin, ya ba da fegin da baki, aka shafa fatiha. Shi Alhaji Abass yana Kumasi a shekarun nan, bai san an yi ba.

A nan sai na ɗan yi bayanin sana'armu, domin a nan hikimarka take, kuma ta nan baƙin cikinmu ya ɓullo. A kwamfuta, mai zane yana iya jawo wani zane ya bayyana a cikin nasa ba tare da ya kwafe shi ba. Masu sana'a suna ce masa eksiref, kai kuwa zanen aro kake ce masa, kuma naka sunan ya fi. Zanen aro yana zaune a nasa fayil, a tasa folda. Zanen da ya aro shi adireshinsa kawai yake riƙe da shi. Duk sanda aka buɗe, sai ya bi adireshin ya ɗauko shi, ya shimfiɗa shi dishi-dishi a ƙarƙashin aikin mutum. Ana ganinsa, ana iya auna tazara daga jikinsa, amma ba a kama layinsa ɗaya a ja kamar yadda mutum ke jan nasa layukan. In an gyara shi a inda yake zaune, gyaran zai fito a duk zanen da ya aro shi. In kuma aka sauya masa suna, ko aka ɗauke shi daga foldarsa, ko aka tafi da zane aka bar shi a baya, to zanen zai buɗe babu shi, sai wani ɗan rubutu can a gefe yana cewa an nema ba a samu ba.

Ka zana lungun gaba ɗaya a fayil guda, da jan layi biyu, ka ɗaure awonsa a kusurwar masallaci, ka ce ita ce ba wanda zai matsar. Daga nan duk gidan da aka kawo mana daga lungun, kafin ka ja bango ɗaya sai ka aro zanen lungu. Na sha jin masu gida suna lallashinka. Mutum zai tsaya a bayanka yana leƙen kwamfuta, ya rage murya, ya kira ka Masa, wato oga, ya ce, "Ɗan tura jan layin nan kaɗan, ba wanda zai sani." Sai ka matsa masa kujera, ka miƙa masa maus ɗin kwamfuta, ka ce ya tura da kansa. Ya danna, ya ja, ya sake ja, layi ya ƙi motsawa yadda yake so. Sai ka ce masa layin ba na gidansa ba ne, na kowa ne, kuma in ka buɗe asalinsa ka tura, cikin ɗakin maƙwabcinsa layin zai faɗa, gobe maƙwabcin zai gani a nasa zanen. Yawanci a nan maganar ke mutuwa, a koma gardamar inda taga za ta kalla.

Ni kuwa na sha wahalarka, Allah Ya sani. Ba a sauya sunan fayil a ofishinmu. Ba a liƙa masa "sabo" ko "na ƙarshe" a wutsiya. Adireshin zanen aro dole ya zama gajere, wanda ke farawa daga foldar aikin kanta, ba daga kwamfutar wane ba, don in an ɗauke foldar gaba ɗaya zuwa wata na'ura kowane zane ya ga ɗan'uwansa. Ni mutum ne mai gaggawa. Na fi son in narkar da zanen aro a cikin nawa, su zama abu ɗaya, in huta. Sai ka ce wanda aka narkar ya daina jin gyara. Lungu zai ci gaba da sauyawa, shi yana nan yadda yake jiya, yana yi wa mai gida ƙarya. Na laƙaba maka limamin folda. Ka ce ka gode da rawanin, amma in mayar da fayil inda na same shi. In zane zai fita zuwa hannun wani kuwa, da kanka kake haɗa shi da duk abin da ya aro a ƙunshi ɗaya, ka buɗe shi a kwamfutata ka tabbatar ya fito cikakke, sannan ka sallami mai shi. Shekara da shekaru ban ga ka tsallake wannan ba ko sau ɗaya.

Kuma abin ya yi aiki, dole in faɗa, ko da yake a gabanka ban taɓa faɗa ba. Shekarar da ruwan sama ya shiga ɗakuna, ka ƙara layin kwata a zanen lungu, washegari ya bayyana a zanen kowane gida, kowa ya ga inda bututunsa zai zuba. Ka aro bangon kowane maƙwabci cikin zanen ɗan'uwansa, har ka hana wata taga buɗewa a kan wurin wankan matan gidan gaba, ba tare da masu gidan sun ma san an kusa tona musu asiri ba. Da yawa daga zanen nan saboda Allah ka yi su. Gida bayan gida aka riƙa ja da baya, lungu ya fara shan iska. Aka fara fitar da mamata a makara, a miƙe, a kafaɗun maza. Duk ranar da aka yi haka, Mma Zelia takan tsaya a bakin ƙofarta ta bi makarar da ido har ta sha kwana, da gari ya waye kuma sai ga koko da ƙosai an aiko ofis, ba saƙon komai.

Sai ciwo ya zo. Ƙafafunka suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Aka fara kai ka wankin ƙoda, ka dawo jiki a sake, ido a shanye, wani lokaci ka fara magana ka manta inda ka dosa. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce ka zauna a gida, ka ƙi. Ka ce zaman ɗaki ya fi ciwon cinye ka. Sai ka zo ka zauna a gaban kwamfuta ka dafe kai, ni kuma in yi kamar ban gani ba.

A wannan tsakanin ne wan Alhaji Abass ya rasu, shi kuma ya dawo daga Kumasi ya karɓi gidan. Yana da 'ya, Latifatu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, tana talla cikin rana a Kasuwar Malam Atta. Ya so ya yi mata shago a ƙofar gida. Ranar da ya zo ofis na tafi duba wani gini a Kotobabi, kai kuma fitowarka ke nan daga wankin ƙoda. Ka gaya masa gaskiya cewa ba ka da ƙarfin sabon aiki. Ya ce ba komai, ka ba shi zanen gidan ya kai wa wani. Ka ɗauka ɗakin gaba zai fasa wa ƙofa. Ka karɓi filash ɗinsa, ka kwafa masa zanen gidan, ka miƙa masa. Gidan kaɗai ka kwafa, zanen lungu ya zauna a foldarsa.

Mai zanen da aka kai wa, ban san shi ba, ba na kuma son in san shi. Na san dai abin da ya faru kamar ina wurin. Ya buɗe, gargaɗi ya fito cewa akwai zanen aro da ba a samu ba, ya rufe gargaɗin ba tare da ya karanta ba, yadda hannun da yawa daga cikinmu ya saba. Ya ga gida, ya ga fili fetal a gabansa, babu jan layi babu komai. Ya zana shago a kai. Aka buga hatimi, aka haƙa harsashi, aka fara jera bulo, duk kana kwance a asibiti. Maƙwabta suka yi magana, Alhaji Abass ya nuna musu zane mai hatimi. Wasu suka yaɓa masa baƙar magana, shi kuma ya hau dokin zuciya ya ce sai ya ga wanda zai hana shi gini a filin ubansa.

Sherifa ta ba ni labarin ranar da aka sallame ka. Tasi ta sauke ku a bakin titi, tana riƙe da hannunka, kuka iso kwana, ka ga bulo ya kai ƙirji. Ta ce ka tsaya ka daɗe, sannan ka zauna a bakin kwata da fararen kayanka. Da na zo, raina a ɓace na zo, ina neman wanda zan huce a kansa. Ka ɗaga min hannu ka ce, "Sharfu, ni ne. Ni na ba shi gida ba lungu." Wallahi na ji haushinka a lokacin, kuma har yanzu ina ji. Me ya hana ka ce masa ya dawo gobe? Me ya hana ka kira ni? Shekaru kana tsare ni a kan wannan abu ɗaya, sai ranar da ciwo ya ci ƙarfinka ka ƙi yarda ka gaji.

Ka ja jiki ka je wurin Alhaji Abass da kanka, ina biye. Ya karɓe ka da mutunci, amma bai sauko ba. Ya ce, "Malam Muftahu, ni ban ci hanyan kowa ba. Ga zane, kai ka ba ni da hannunka. Lungu yana nan, mutum yana wucewa da kayansa. Yarinyana fa, ina zai zauna da yara?" Kuma bai yi ƙarya ba. Mai tafiya da ƙafa ba zai ga abin da ya ragu ba, sai mai ɗauke da makara. Ka so ka yi masa bayani, numfashi ya ƙi. Ni na yi nawa bayanin da irin muryata, ya ce in fita masa daga gida, na fita.

Abin da ya fi ci maka rai a makonnin ƙarshe ba ciwon ba ne, Mma Zelia ce. Ƙofarku da tata suna kallon juna, amma ka daina zama a waje don kada ku haɗa ido. Ita ta dogara sanda ta shigo duba ka. Ka ce mata, "Mma, ki yafe min, na ɓata miki hanya." Ta ce ka yi shiru ka sha abin da ta kawo. Da ta fita ka juya fuska bango. Maganar ƙarshe da ka yi min a kan aiki ita ce, in Alhaji Abass ya taɓa yarda ya duba, kada in yi masa faɗa. In gyara adireshin kawai, in bar layin ya fito.

Ranar Talatar nan ni ne a gaban makara ta dama. Mun ɗauko ka daga ƙofar gida, lungu ya ba mu hanya tun daga ƙurya, ba kafaɗar da ta gogi bango, har muka iso kwana. Kan makara ya tokari bulon shago, ƙarshenta ya tokari bangon da ke baya. Muka matsa, muka ja baya, muka sake gwadawa, ta ƙi juyawa. Ruwa yana sauka, mutane sun cika lungu a bayanmu. Wani daga baya ya ce a kawo tabarma. Na rantse da Allah a gaban liman cewa ba za a ciro ka ba. Shagon ba a yi masa rufi ba tukuna, don haka muka ɗaga makarar sama da kawunanmu, muka karkata ta, don kanta ya ƙetare bulo. A nan na ji ka zame a ciki, jikinka ya bugi gefen makara, nauyinka ya gangaro hannuna. Wannan ƙarar ba ta bar kunnena ba har yau. Dole sai wani ya tari kan makarar daga cikin shagon, kuma wanda ke tsaye a ciki, saboda cunkoso ya tura shi can, Alhaji Abass ne. Ya miƙa hannu biyu ya karɓe ka.

Bayan sadakar uku ya zo ofis shi kaɗai, da filash a hannu. Na tuna abin da ka ce, na haɗiye abin da ke bakina. Na ɗora zanen shagonsa a foldar lungu, na gyara wa zanen adireshin zanen aro, na sa ya sake ɗauko shi. Jan layin ya fito dishi-dishi, ya ratsa kusurwar shagon ya fita ta ƙofa. Ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni ko wansa ya san da wannan layi, na ce da bakinsa ya ba da shi, aka shafa fatiha. Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Da hannuna na karɓe shi, Malam Sharfu. Ba nauyi kwaraa, ko kaɗan. Ciwo ya cinye shi, kuma a haka ya zo gidana yana roƙona." Sai ya ce in zana wa Latifatu abin da ya rage. Na zana mata ɗan shago mai yankakkiyar kusurwa, ƙarami ƙwarai, tebur da 'yar kantar jera kaya kawai zai ɗauka. Ban ce bai yi asara ba, ya yi, ita ma ta yi. Shi da magininsa suka sauke bulon, maƙwabtan da suka zage shi suka zo suna taya shi kwashewa.

Da aka share wurin, na je na kamo hannun Mma Zelia, na ce ta zo ta gani. Muka tako a hankali, tana tsayawa tana hutawa, har kwana. Na ce mata, "Mma, ga hanyarki ta buɗe. Alkawarinsa ya cika." Na zaci za ta yi hamdala. Ta dubi filin, ta dubi tabon siminti a ƙasa, ta ce, "Sharfu, ni na roƙa hanya. Ni tsohuwa, ni ya kamata in wuce. Yaron da ya gyara ma kowa, shi aka karkata." Sai ta ce in mayar da ita gida. Tun daga ranar ba ta sake ɗora tukunyar koko ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sherifa, wadda ta yi jinya ba ta taɓa ɗaga murya ba. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki da abin da ya fi. Ga Fa'iza da Bashiru, ubanku mutumin kirki ne, ku riƙe wannan, Allah Ya raya ku a kan tafarkinsa, Ya zama gatanku. Ga 'yan'uwansa da ke Nima da Kotobabi, da liman da jama'ar masallaci, da dukan mutanen Lungun Famfo, Allah Ya ba mu juriyar wannan rashi. Ga Alhaji Abass da Latifatu, Allah Ya sa albarka a ɗan abin da ya rage, Ya mayar muku da ninkin abin da kuka bari. Ga Mma Zelia kuma, ba ni da abin da zan ce, sai dai Allah Ya sanyaya mata zuciya.

Muftahu, Allah Ya gafarta maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Ya tabbatar da harshenka a gaban masu tambaya, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa ka da mahaifiyarka a gidan da ba a fita. Duk makarar da za ta juya a kwanar nan, Allah Ya kai maka ladanta. Mun matse ka a hanyarka ta ƙarshe, ɗan'uwana, ba da son ranmu ba. Allah Ya yalwata maka kabarinka iyakar ganin idonka. Amin.